Fatar Akuyar Da Ta Tashi

Ba ni da saurin fushi, amma ina da riƙo. Mijina ya sani, matan da nake koya wa karatu a ajin yaƙi da jahilci sun sani, akwai kuma wani mutumin Mayahi da ya zo ya sani daga baya. Labarinsa zan bayar, shi da wata jar akuya da ba tawa ba.

Akuyar ta ƙawata ce, wata Bafulatana da ke zaune a ruga yamma da ƙauyenmu, kan hanyar Urafane. Nono ne ya haɗa mu. Shekara da shekaru tana kawo mini, ina ba ta dussa, har muka kai matsayin da in rana ta dake ta sai ta shigo ɗakina ta miƙe a kan gadona ba ta tambayi kowa ba. Shekarar da damina ta yi mana gardama na sayar da 'yan bisashena na sayi hatsi, turkena ya zama wayam. Wata safiya sai ga ta janye da akuya. Ta ɗaure a turken da hannunta, ta ce mini habbanaye ce.

Habbanaye aron uwa ne. Ka riƙe dabba ta haihu a hannunka, 'ya'yan su zama naka, uwar ka mayar wa mai ita. Ba a kiran shaida, amana ce kawai. In ajali ya same ta a wurinka babu biya. Abin da ake so shi ne ka kai wa mai ita fatar, da kunnen da ke ɗauke da tsagar gidansu, ta gani da idonta, ta karɓa, ta ce Allah ya mayar da alheri. Daga nan magana ta ƙare. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san wannan, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi wa wanda ya ci habbanaye.

A lokacin ina cikin wani gurup na masu kiwo a salula. Mutane ne daga Tasawa, Mayahi, Hawandawaki da ƙauyukan da ke tsakani, yawancinsu ba su iya rubutu ba, da saƙon murya ake komai. Dabbarka ta ƙi cin abinci, ko ta yi gudawa, ko haihuwa ta zo mata da gardama, sai ka danna ka yi bayani, masu sani su amsa. To masu sanin ne suka yi yawa. Ka yi tambaya ɗaya ka samu amsa goma, wani ya ce taba, wani ya ce toka, wani ya ce rubutu. Shugaban gurup ɗin, wani malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a Tasawa, mutum mai son tsari, shi ya kawo dabarar taurari. Wanda ya taimake ka, ka aika masa hoton tauraro a ƙarƙashin saƙonsa, daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon amfanin da ka samu. Ƙarshen wata shugaba ya tara, ya faɗi wanda ke gaba. Ta haka baƙo zai san muryar da ya kamata ya bi.

Ni ma na yaba da dabarar, har yau kuma ban ce banza ce ba. Abin da malamin lakkol ya manta shi ne mu waɗanne irin mutane ne. Mutum ya gaishe ka, ya tambayi maigida da yara da gajiya, ya yi wa iyayenka addu'a, sannan ya ba ka shawara kyauta, da wane ido za ka aika masa tauraro biyu? Kamar ka mayar wa maƙwabciya da tuwonta ne ka ce gishiri bai ji ba. Kuma ba ma iya jinkirta godiya. An ba ka, ka ce na gode nan take, haka aka yi mana tarbiyya. Sai tauraro ya zama godiya. Ana aika shi tun dabba tana kwance, tun ba a san ko za ta tashi ba.

Mutumin Mayahi ya gane wannan tun kafin kowa. Mai sayar da magungunan bisashe ne a kasuwanni, Allah kuma ya ba shi murya. In ya fara sallama sai ka ji kamar wan mahaifinka ne ya kira. Ba ya barin tambaya ta huce, kafin ka ajiye salula ya amsa, kuma bai taɓa cewa bai sani ba. Kowace mace Hajiya ce a bakinsa, ko da iyakar tafiyarta Tasawa. Wata bayan wata shi ne a gaba. A can ƙasa kuwa akwai wata Madam da ta yi aiki a ma'aikatar kiwo har ta yi ritaya. Ita ba ta gaisuwa. Ka kawo kukanka sai ta ce, “Mi tac ci? Tun yaushe? Aiko hoto.” Rabin amsoshinta kuma da magana ɗaya suke ƙarewa, a kai dabba wurin likita. Mutane suka ce tana da girman kai, suka riƙa ba ta uku don kunya.

Ranar da abin ya faru ina aji da safe. Akuyar, da cikinta ya tsufa, ta tsinke igiya ta tura ƙofar ɗakin da muke ajiye hatsi, ta samu buhun gero a buɗe. Ko da na dawo da hantsi na tarar da ita tsaye ta rarraba ƙafafu, cikin ya kumbura ta hagu, in ka buga yana amsawa kamar ganga. Na danna salula na yi kuka a gurup.

Madam ce ta fara amsawa. “Kada ki ba ta ruwa. Ki ɗora ta bisa amalanke yanzu-yanzu ki kai ta Urafane wurin likitan bisashe.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Sai ga mutumin Mayahi. Ya gaishe ni, ya gaida maigida, ya ce in kwantar da hankalina, wannan ƙaramin abu ne, ya ga irinsa ba adadi. In dama garin sabulu a ruwa in ɗura mata, sannan in ajiye mata bokiti ta sha iya shanta. “Kahin azahar, Hajiya, da izinin Allah tana tuƙa.”

Amalanken na maƙwabta ne, shanun da ke jansa sun tafi gona, hanyar Urafane kuma rairayi ce. Sabulu da ruwa kuwa ga su a tsakar gida. Ga muryoyi biyu, ɗaya gurup duka ya shaide ta da taurari, ɗaya tana can ƙasa. Don irin wannan ranar aka ƙirƙiro taurarin, na kuwa bi su.

Da azahar akuya ta yi wata doguwar gyatsa, ta girgiza kunnuwa, ta taka har bakin randa. Wayyo daɗi! Na ɗauki salula na aika taurari biyar, na bi su da murya. Ba zan manta abin da na ce ba, don daga baya na ji shi har ya gundure ni: “Jama'a, akuyata ta tashi! Malam, Allah shi saka maka da alheri, Allah shi ƙara sani!” Na kuma rangaɗa guɗa. Ina da guɗa mai kyau, a biki ni ake nema. Ranar na ba da ita duka.

La'asar na yi akuyar ta sake kwanciya. Gudawa ta ɓalle mata, tana cizon haƙora, ta juya wuya ta ɗora kai a kan haƙarƙari. Na kira mutumin Mayahi kai tsaye, ya ce in ƙara mata ruwa. Washegari da sassafe mijina ya duba idonta, ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa don kada ta tafi mushe. 'Ya'ya biyu aka samu a cikinta, har sun yi gashi.

Na sake kiran mutumin Mayahi ina kuka, na ce masa ta mutu. Ya yi salati, ya yi mini ta'aziyya mai kyau ƙwarai. Sannan ya sassauta murya ya ce, “Ajali ne, Hajiya. Amma kada ki sa a gurup, kada a tada hankalin mutane.” Ina can ƙuryar ɗaki ina sharɓe hawaye, matan gida masu son taimako suka ɗauki kan akuyar suka babbake shi. Da na fito na tuna da kunnen, sai ƙauri kawai na tarar.

Na shanya fatar ta bushe, na naɗe ta, na kama hanyar ruga. Na samu ƙawata tana wanke ƙore, mijinta na zaune a gindin wata ƙaya yana tufka igiya. Na durƙusa na faɗi abin da ya faru, na miƙa mata fatar da hannu biyu. Ba ta miƙo nata hannun ba.

“Ina kunnen?” ta ce.

Na ba ta labarin babbaka. Ta dubi mijinta. Shi bai dube ni ba, igiyarsa yake tufka, ya ce ranar kasuwar Urafane ya tsaya gaban wani mai magani, ya ji ana kunna wa mutane muryar wata mata a salula tana guɗa, tana cewa akuyarta ta tashi. Ya ce ya san muryar, don ya sha jin ta a tsakar gidansa.

“Ƙawa,” ta ce mini a hankali, “muryarki ce, ko ba taki ba?”

“Tawa ce. Amma da azahar na yi ta, da la'asar...”

“Wa ya ga mutuwar?”

“Maigidana ya yanka ta.”

Shaidar miji a kan matarsa, kowa ya san nauyinta. Fatar jar akuya kuwa duk iri ɗaya ce, ka shiga kasuwa ka ɗauko goma ba mai bambance su. Ba ta zage ni ba, ba ta ce na sayar ba, ba ta ce na ɓoye ta a wani gida ba. Ta dai ci gaba da wanke ƙwaryarta. Na daɗe a durƙushe da fata a hannu, sannan na tashi na koma da ita gida. Daga ranar nono ya daina shigowa gidana. In ta shigo ƙauye sai ta bi ta bayan masallaci don kada ta wuce ƙofarmu.

Ashe mutumin Mayahi ya ɗauki guɗata ya mayar da ita jari. Ya watsa ta a wasu gurup-gurup, yana kunna ta a kasuwanni gaban buhun magungunansa. Har aka fara ce mini mai guɗa a wuraren da ban taɓa takawa ba. Na yi murya a gurup ɗinmu na faɗi gaskiyar yadda aka yi. Ba ta daɗe ba shugaba ya goge ta, ya kira ni ya ce doka ce, ba a cin mutuncin mai taimako a bainar jama'a, in aka fara haka ba mai sake buɗe baki ya taimaki wani. Na ce to a maido mini taurarina. Ya yi 'yar dariya ya ce tauraron da aka bayar ba ya dawowa.

Sai na sauke kai na kira mutumin Mayahi. Ban nemi ya biya ni komai ba. Na ce ya yi wa Allah ya aiko mini da murya ɗaya, gajeruwa, ya ce matar nan ta kira ni ta shaida mini akuyar ta mutu, in kai wa ƙawata ta ji. Ya ce zai duba. Na sake kira, ya ce yana kan babur. Da na matsa masa, sai zaƙin ya fita daga muryar, na ji ainihin mutumin.

“Hajiya, ke kinka yi guɗarki. Ni na sa ki?”

Ya kashe. Daga nan ko na kira ba ta shiga.

Wannan maganar ita ta zaunar da ni. Da ya ce ya yi kuskure, wallahi da na bar shi da Allah, don ba shi ya buɗe buhun gero ba. Amma ya san ana kallona a matsayin macijiyar amana, ya san kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke ni, ya zaɓi taurarinsa. Na rataye fatar a jikin azara, daidai inda idona zai fara sauka in na farka. Mijina ya ce in sauke ta, tana jawo ƙwari. Na ce masa ta kusa sauka.

Na fara bincike a hankali. Na samu wata mata a Hawandawaki da tunkiyarta ta tafi ta irin wannan hanya, da wani tsoho a kusa da mu da ya rasa ragon da yake turke don Layya. Duka biyu sun ba shi biyar-biyar tun dabba na numfashi. Na ce su zo mu haɗa baki. Matar ta ce a bar wa Allah. Tsohon ya ce, “Ɗiyata, mutumin nan ya gaishe ni da mutunci, ina zan kai kunya?” Na gane in ina jiran taro zan tsufa ina jira.

Sai na canza fuska. Na koma gurup ina gaishe-gaishe, ina amsa amin, ina yi wa masu haihuwar bisashe barka. Bayan kaka shugaba ya sanar cewa za a yi taron ganin juna, a karrama gwarzon shekara da kyautar 'yar akuya ja da 'yan gurup suka haɗa aka saya. Ba sai an faɗi ko wane ne gwarzon ba. Na kira shugaba da murya mai laushi na ce na huce, na gane ajali ne, ina ma so a ba ni igiyar in miƙa masa da hannuna don a san ba komai tsakaninmu. Malamin lakkol ya ji daɗi har yana sa mini albarka. Na ƙara da shawara: a yi taron ranar kasuwar Urafane, tunda kowa na zuwa, a kuma yi shi ƙarƙashin itatuwan bedi, wato dogon yaro, na gefen masu nono, can ne inuwa ta fi. Ya ce shawara ta yi. Ƙarya na yi masa tsagwaronta, ban kuma taɓa jin nauyinta a zuciyata ba. A ƙarƙashin bedin nan ƙawata take ajiye ƙwaryarta kowace kasuwa.

Ranar na yi wanka na ɗaura zanen da na fi so, na sauke fatar, na naɗe ta cikin tsohon mayafi. An shimfiɗa tabarmi, an kawo kujeru na manya, an ɗauko lasifika daga wurin masu sharjin salula. Mutanen da muka saba da muryoyinsu sai ga su da fuskoki, kowa na cewa ashe kai ne, ashe ke ce. Madam ta zo, gajeruwa da tabarau, ta zauna can gefe ba ta kula kowa ba. An gayyato wani dattijo, limamin unguwar kasuwa, don ya buɗe da addu'a. Na hango tsohon nan mai rago a bayan taro. Na kuma hango ƙawata a inda na san zan gan ta, ta ba mu gefen fuska tana auna wa wani nono.

Mutumin Mayahi ya sauka daga babur cikin shadda mai ɗaukar ido. Na zaci zan ga ƙato. Ɗan siriri ne, muryarsa ta fi shi girma.

Aka yi addu'a, shugaba ya yi jawabi a kan amfanin taurari, yadda suka raba mu da ruɗani. Sannan ya ce bari a ji shaida, ya kanga salula a lasifika. Guɗata ta tashi ta cika kasuwa. Mutane suka yi tafi, masu nono suka juyo. Na ga hannun ƙawata ya tsaya da ludayi a sama. Shugaba ya ce mai guɗa ta fito, aka miƙo mini igiyar 'yar akuya da abin magana.

Igiyar na ba wani ya riƙe. Na kwance mayafi, na warware fatar, na shimfiɗa ta a kan rairayi daidai gaban takalman mutumin Mayahi, na gyara ƙafafun huɗu da kyau.

“Jama'a,” na ce, “kun ji akuya ta tashi. To ga ta nan.”

Shugaba ya taso yana cewa, “Haba Malama, haba Malama,” na matsa gefe da abin maganar. Na faɗa musu komai a gajarce, geron, sabulun, azahar da la'asar, wuƙar mijina, 'ya'ya biyu masu gashi. Na ce akuyar habbanaye ce, mai ita kuma tana jin mu, kuma tun daga ranar take ganina a matsayin wadda ta ci amana saboda guɗar da aka kunna yanzu. Da na ambaci habbanaye sai na ji dattawa sun yi gunaguni. Sannan na juya gare shi.

“Malam, tambaya guda gare ni. Na kira ka na hwaɗa maka ta mutu, ko ban kira ba? In ban kira ba, ga liman nan zaune, ka ce wallahi.”

Ya yi murmushi, ya nemo muryar nan tasa. “Hajiya, a yi haƙuri, ba nan ne wurin wagga magana ba.”

“Nan ne. Nan kuka kunna ni.”

Ya dubi shugaba, shugaba ya dubi ƙasa. Liman ya gyara zama ya ce, “Malam, baiwar Allah ta yi maka tambaya. Amsa mata.”

Mutumin Mayahi ya taɓa hularsa. Ya ce, can ƙasa-ƙasa, “Ta kira.”

“Na ce maka mi?”

“Kin ce ta mutu.”

Na kai masa abin maganar har bakinsa. “Ɗaga murya, Malam. Kana da ita. Masu nono ba su ji ba.”

Ya faɗa, lasifika ta ɗauka ta kai har rumfar mahauta. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a wannan lokaci ya kai na ranar da na haifi ɗan fari. Na ji wani sanyi ya sauka mini tun daga wuya har tafin ƙafa.

Sai ga murya daga bayan taro, tsohon nan ne ya ɗaga sandarsa. “Ni ma ragona bai kwana ba,” ya ce. Wani ya ce nasa ɗan maraƙin ma haka. Hayaniya ta kaure. Na juya wurin shugaba na ce ba akuyar kyauta nake so ba, ba biya nake so ba, taurarina biyar nake so a maido mini, yanzu, a gaban mutanen da aka ba da su. Wasu suka fashe da dariya, amma shugaba bai yi ba. Ya karɓi abin magana ya ce an maido. Da na zo wucewa ta gaban Madam, na ɗan rusuna ina jiran ta ce sannu. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Da kin ɗora ta bisa amalanke.” Matar nan ba ta iya lallashi ba ko na sisi, amma a bakinta ban taɓa kama ƙarya ba.

'Yar akuyar kyauta a kan babur ɗin shugaba ta koma Tasawa tana kuka. Daga baya aka sake doka a gurup. Godiya daban, tauraro daban. Ka gode wa mutum nan take yadda iyayenka suka koya maka, amma tauraro sai dabba ta kwana biyu tana ci tana tuƙa, in kuma ta juya kana da ikon janye abinka. Tun daga nan taurarin suka fara faɗin wani abu, ko da yake har yanzu akwai masu ba da biyar don kunya, wannan sai dai a haƙura da mu. Mutumin Mayahi bai fita daga gurup ba, amma ya koma ɗan kallo. Wata rana ya aiko wani ya ce in yafe masa. Na ce a gaya masa na ji. In an tambaye ni yau ko na yafe, amsar ita ce ban kai can ba tukuna, kuma ba na sauri.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da taro ya watse, mutane suka bi mutumin da surutu har wurin babur ɗinsa, sai na samu kaina ni kaɗai tsaye a kan fatar. An tattaka ta, rairayi ya rufe rabinta. Daɗin nan da na ji ya fara sauka, don duk abin da na yi saboda mutum ɗaya na yi shi, ita kuwa ba ta motsa daga gindin bedi ba. Na kasa ɗaga ido in dube ta.

Ƙarar mundaye na fara ji. Ta zo ta tsaya kusa da ni, ƙwaryarta a kai. Ta sauke ta a ƙasa. Ta duƙa ta ɗauki fatar, ta kakkaɓe rairayin, ta shafa gashin da tafin hannu daga wuya zuwa wutsiya, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ninke ta, ta ɗora a kanta, ta ɗauki ƙwaryar ta aza a sama.

“Allah shi maida alheri,” ta ce.



Ta yi taku kaɗan, ta tsaya ba ta juyo ba. “Ƙawa, gobe ki aje mini dussa. Da sahe ina tahe.”